Littahin Da Ake Karantawa Da Kunne

A ƙauyukan Gazawa, Agye da Gidan Runji, yaron da ciwon ido ya hana ma gani yakan zauna gida, ko ya tahi bara. Amma kowa ya san makahin da suka haddace Alƙur'ani da kunne.

Karatun lakwal ma yana shiga ta kunne. Mushe ya karanta darasi, ya ɗauki muryarshi cikin salula. Yaro ya saurara, ya maimaita har ya riƙe. Ko hitila ba ya bukata.

A 2013, a birnin Marakash na Maroko, ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya don sauƙaƙe ma makahi samun irin waɗannan littattahai.

Manoma da makiyaya, ku kai ƴaƴanku makahi lakwal. Rashin ido ba rashin basira ba ne.