Toshewar Hanji Da Na'urar Hoto Mai Maganaɗisu

Hanjin ɗan Adam kashi biyu ne: ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita 6, da babban hanji mai kimanin mita 1 da rabi. Idan wani abu ya tare hanyar nan, abinci da ruwa da iska suka kasa wucewa, shi ne likitoci ke kira toshewar hanji. Cuta ce mai kisa idan aka yi jinkiri, amma akan warke idan aka kai maras lafiya asibiti da wuri.

Abubuwan Da Ke Kawo Ta

A ƙasar nan, gwaiwa tana cikin manyan dalilai. Wani sashe na hanji yakan zurara ta wurin da bangon ciki ya yi rauni, ya maƙale, ya ƙi komawa. Manomin da ke kinkimar buhunan citta a Kachia ko Kwoi da gwaiwa a jikinsa, ya kamata ya sa a yi masa aikinta tun ba ta maƙale ba. Sauran dalilai su ne mannewar hanji bayan tsohuwar fiɗa, da murɗewarsa, da dunƙulewar tsutsar ciki, da ƙari. Ga jarirai kuwa, hanji yakan shige cikin kansa.

Alamominta huɗu ne: murɗar ciki mai zuwa tana lafawa, da amai wanda yakan zama kore, da kumburin ciki, da ɗaukewar bayan gida da iska.

Yadda Likita Ke Ganin Cikin Ciki

Tun shekarar 1895 da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire, likitoci suka sami hanyar leƙa jiki ba tare da yanka ba. Hoton eksire yakan nuna hanji ya kumbura da iska da ruwa, amma sau da yawa ba ya faɗin inda toshewar take, balle dalilinta. Na'urar CT, wadda ita ma da hasken eksire take aiki, ta fi shi fayyacewa, kuma cikin mintoci kaɗan take gamawa.

Na'urar MRI kuwa da maganaɗisu take aiki. Baamurke Paul Lauterbur ya bayyana hikimarta a 1973, Baturen Ingila Peter Mansfield ya inganta ta, su biyun suka sami lambar yabo ta Nobel a 2003. Akan kwantar da mutum cikin wani babban bututu mai ƙarfin maganaɗisu, a aika igiyoyin rediyo cikin jikinsa. Ruwan da ke cikin nama sai ya maido da amo, kwamfuta ta mai da amon nan hoto. A hoton likita zai ga inda kumburarren hanji ya ƙare, inda tsukakke ya fara, wato daidai wurin toshewar. Da yake babu hasken eksire a cikinta, ta dace da mai juna biyu, da yara, da wanda hanjinsa ke yawan tsukewa har ana maimaita masa hoto.

Iyakar Na'urar

Aikinta yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 1, kuma dole mutum ya kwanta shiru, abin da ke da wuya ga mai amai da murɗar ciki. Tana da tsada. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki, wajibi ne ya faɗa kafin a shigar da shi. Sa'an nan a manyan asibitoci ake samunta, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Hanjin da jini ya daina kai masa kuwa yana iya mutuwa cikin awoyi kaɗan. Saboda haka kuskure ne babba mutumin Kagoro ko Zonkwa ko Gwantu ya zauna gida yana haɗa kuɗin tafiya birni neman wannan hoto.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Duk wanda aka ga alamomin nan a jikinsa, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mai da Asibitin Tunawa da Patrick Yakowa na Kafanchan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, abin da ya ƙara kusanto da kulawa ga jama'ar kudancin Jihar Kaduna. Kada a ba maras lafiya abinci, ko maganin wankin ciki, ko jiƙo, kada kuma a danne gwaiwar da ta maƙale da ƙarfi. A asibiti za a ƙara masa ruwa, a zura roba ta hanci a zuƙe abin da ya taru, a yi fiɗa in ta kama. Likita ne zai zaɓi irin hoton da ya dace. Aikin iyali shi ne su kawo maras lafiya da wuri, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.