Abin da ya kamata ku sani game da Robert Berner, masanin da ya karanto tarihin iska a cikin laka

Duk wanda ya taɓa zurma ƙafa a gindin kududdufi ya san baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yawancinmu ƙazanta muke ɗaukarta. Akwai kuwa wani masani ɗan ƙasar Amurka, Robert Berner, da ya shafe fiye da shekara 50 yana nazarin irin wannan laka a ƙarƙashin teku, har ta kai shi ga lissafin yadda iskar da muke shaƙa ta riƙa sauyawa cikin shekara miliyan 500 da suka wuce. Ga abin da ya kamata ku sani game da shi da kuma aikinsa.

Wane ne Robert Berner?

An haife shi ranar 25 ga Nuwamba, 1935 a garin Erie da ke jihar Pennsylvania. Ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Michigan, sannan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1962 a hannun malaminsa Raymond Siever. Bayan ɗan zama a cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke California da kuma Jami'ar Chicago, sai ya koma Jami'ar Yale a 1965. A can ya koyar fiye da shekara 40. Matarsa, Elizabeth Kay Berner, ita ma masaniyar ƙasa da duwatsu ce, kuma tare suka rubuta littattafai kan yadda ruwa da iska da sinadarai ke kewaya duniya. Ya rasu ranar 10 ga Janairu, 2015 yana da shekara 79.

Mene ne fannin nasa?

Kowace damina koguna suna kwasar yashi da laka da ganyaye da gawarwakin ƙananan halittu, su zube su a tafkuna da tekuna. Ta bana ta kwanta a kan ta bara, ta baɗi ta zo ta danne ta bana. Da tafiya ta yi nisa, nauyi da zafi sai su matse waɗannan shimfiɗu su zama dutse. Irin waɗannan duwatsu su ne suka lulluɓe kusan kashi uku cikin huɗu na busasshiyar ƙasa, kuma a cikinsu ake samun man fetur da gas da kwal da mafi yawan ruwan da ake haƙo wa rijiya. Dutsen da ake sarrafa siminti da shi a Kalambaina, kusa da Sakkwato, yana cikinsu: ya taru ne a gindin wani teku da ya taɓa mamaye yankin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce.

Masana da dama suna duban siffar waɗannan duwatsu da kaurinsu da ƙasusuwan da ke binne a ciki. Berner kuwa sinadaransu ya sa a gaba. Tambayarsa ita ce: daga ranar da laka ta kwanta zuwa ranar da ta zama dutse, me ke shiga cikinta, me ke fita, kuma da wane irin sauri?

Me ya gano a cikin lakar?

Da ɗalibansa suka riƙa ɗebo laka daga mashigin tekun Long Island, wanda ke dab da Yale, suna yanka ta ƙanana-ƙanana suna matse ruwan da ke cikinta, sai aka ga cewa lakar cike take da aiki. A saman-saman, ƙwayoyin bakteriya suna cin matattun tsirrai suna amfani da iskar oksijin. Ƙasa kaɗan oksijin ya ƙare, sai wasu ƙwayoyin su karɓi aikin, su kuma da wani gishiri mai ɗauke da farar wuta suke numfashi, wanda ruwan teku ke da shi da yawa. Iskar da suke fitarwa ita ce mai warin nan. Idan ta haɗu da ƙarfen da ke cikin laka sai lakar ta yi baƙi, daga bisani kuma a samu wani ma'adini mai ƙyalli da ake kira fairait, wanda yakan ruɗi masu neman zinariya.

Kafin Berner an san wasu daga cikin waɗannan abubuwa, amma a warwatse. Shi ne ya tsara su cikin lissafi, ta yadda mai bincike zai auna zurfin laka da sinadaran ruwanta ya faɗi saurin ruɓewar abin da ke ciki. Littafinsa na 1980, Early Diagenesis, ya zama abin dogaro ga masu nazarin gindin teku a ko'ina. A 1984 kuma shi da wani masani ɗan Birtaniya, Rob Raiswell, suka fito da hanyar gane ko tsohon dutse a teku ya taru ko a ruwan daɗi. Ruwan tafki da na kogi ba su da wancan gishiri sosai, saboda haka dutsen da ya taru a cikinsu fairait ɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da ragowar tsirran da ke cikinsa.

Ina ruwan laka da iskar da muke shaƙa?

Nan ne aikin ya faɗaɗa. Tsiro yana zuƙar iskar kabon dayoksaid ya saki oksijin. Idan ya mutu ya ruɓe, ruɓewar tana cinye oksijin daidai da wanda ya saki, an tashi babu riba ke nan. Amma wani ɗan kaso, ƙasa da kashi 1 cikin 100, laka takan binne shi kafin ya gama ruɓewa. Oksijin ɗin da ya kamata ruɓewarsa ta cinye sai ya saura a sama. Binnewar fairait ma haka take yi. Oksijin da ya kai kashi 21 cikin 100 na iskar yau, ribar da ta taru ce daga wannan binnewa a tsawon miliyoyin shekaru.

Kabon dayoksaid ma tana da tata doguwar hanya. Ruwan sama yakan narkar da ita ya zama ɗan tsami, ya riƙa cin duwatsu a hankali, koguna su kai sinadarin kalsiyam teku. Halittun ruwa su yi ɓawo da shi, ɓawon ya nutse ya zama dutsen farar ƙasa, kabon ya maƙale a ciki. Bayan miliyoyin shekaru motsin ƙasa ya tura dutsen can ciki, duwatsu masu aman wuta su maido da iskar sama. Idan duniya ta yi zafi, cin duwatsun yakan ƙara sauri, a zuƙe iskar da yawa, zafi ya ragu. Idan ta yi sanyi, cin ya lafa, iskar ta sake taruwa.

Berner ya ɗauki duniya tamkar ɗan kasuwa mai littafin shiga da fita. A 1983 shi da Antonio Lasaga da Robert Garrels suka gina lissafin kwamfuta na shekara miliyan 100 da suka wuce. A 1989 shi da ɗalibinsa Donald Canfield suka yi na oksijin. Daga farkon shekarun 1990 ya shiga gina wanda aka fi saninsa da shi, GEOCARB, yana gyara shi yana sake fitarwa, har ya haɗe lissafin kabon da na farar wuta a 2006. Bai kuma ɓoye waɗanda suka riga shi ba. A 1996 shi da wani abokin aikinsa suka nuna cewa wani Bafaranshe, Jacques-Joseph Ébelmen, ya bayyana tushen wannan ilimi tun 1845, duniya ta manta da shi.

Wane tarihi lissafin ya nuna?

Ya nuna cewa kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce, kabon dayoksaid da ke sama ta ninka ta yau fiye da sau 10. Da manyan itatuwa masu dogayen saiwoyi suka bazu a doron ƙasa wajen shekara miliyan 380 da suka wuce, sai cin duwatsu ya ƙaru, aka kuma binne itace mai ɗimbin yawa a fadamu, wanda shi ne ya zama babban kaso na kwal ɗin Turai da Amurka. Kabon dayoksaid ta yi ƙasa sosai, kuma wannan ya zo daidai da zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe kudancin duniya, kimanin shekara miliyan 300 baya. A lokacin ne, bisa ƙiyasinsa, oksijin ya haura kashi 30 cikin 100. A duwatsun wannan zamani aka tono wasu ƙwari dangin mazari masu faɗin fukafukai kusan santimita 70, kuma masana da yawa suna danganta girmansu da yalwar oksijin.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, kuma shi kansa yakan nuna iyakar kuskuren da ke tattare da su. Masu bincike da suka biyo bayansa sun gwada su da wasu shaidu, kamar yawan ƙofofin numfashi a jikin tsofaffin ganyaye da sinadaran tsohuwar ƙasa. Sun rage wasu alƙaluman, amma babban zancen ya tsaya: a mafi yawan wannan dogon tarihi, zamanin yawan kabon dayoksaid zamanin zafi ne, zamanin ƙarancinta kuma na ƙanƙara.

Me ya sa ya shafe mu?

Domin aikin Berner ya nuna saurin da ƙasa take gyara kanta da shi. Cin duwatsu yana buƙatar dubban ɗaruruwan shekaru kafin ya share rarar kabon daga sama. Mu kuwa cikin shekara 200 kacal muka tono kwal da fetur da gas da aka yi miliyoyin shekaru ana binnewa muka ƙona. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska kusan 280 ne kabon dayoksaid, yau sun wuce 420. Abin da ɗan Adam ke fitarwa a shekara ya ninka na dukkan duwatsu masu aman wuta aƙalla sau 40.

Saboda haka idan wani ya ce muku ai yanayi ya saba sauyawa tun fil azal, gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Sauyin da lissafin Berner ya nuna ya ɗauki miliyoyin shekaru, na yanzu kuwa a idon kakanni da jikoki yake faruwa, kuma ƙasa ba za ta gyara shi a zamaninmu ba. Rage hayaƙin da muke fitarwa aiki ne da ya rataya a wuyanmu.