Ranar Da Mai Ɗaukar Fim Ta Sa Hannu A Aljihu

An haifi Sonita Alizadeh a Herat, a yammacin Afganistan, a 1996, shekarar da 'yan Taliban suka kama Kabul. Herat kuwa ta riga ta faɗa hannunsu tun 1995. Tana ƙarama iyayenta suka kwashe 'ya'yansu suka tsallaka iyaka zuwa Iran. Daga baya uwar ta koma gida, aka bar Sonita a Tehran tare da yayarta, ba takardar haihuwa, ba fasfo, ba izinin zama. A lokacin akwai 'yan gudun hijirar Afganistan kusan miliyan ɗaya masu rajista a Iran, ban da tarin waɗanda ba sa cikin kundin kowa, kuma a cikin waɗannan Sonita take. A wancan lokacin makarantar gwamnati ba ta karɓar yaron da ba shi da takarda. Sai a 2015 ne jagoran ƙasar, Ayatullah Khamenei, ya ba da umarnin a buɗe wa duk yaran Afganistan ƙofa. Saboda haka karatu da rubutun da ta koya, ta koye su ne a wata cibiya mai zaman kanta da ke kula da yaran titi da masu aikatau, inda take shara da goge-goge.

Yarinyar tana da wani littafi da take liƙa hotunan da ta yanko daga mujallu. A ciki ta naɗa Michael Jackson ubanta, Rihanna uwarta, ta kuma yanki fuskarta ta liƙa a jikin mawaƙiyar da ke tsaye gaban dubban 'yan kallo. Burinta gambarar zamani, wato rap. Ta ji Eminem, ta ji Yas, mawaƙin Iran, ta ga cewa da irin wannan waƙa mutum zai amayar da duk abin da ke cinsa a rai cikin minti uku. Matsalar ita ce tun bayan juyin juya halin 1979 doka ta hana mace rera waƙa ita kaɗai a gaban maza a Iran. Ga ta mace, ga ta baƙuwa, ga ta ba takarda. Masu ɗakunan naɗar waƙa sukan saurare ta, su ba ta haƙuri.

Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a cibiyar ce ta kira 'yar'uwarta, Rokhsareh Ghaemmaghami, ta roƙe ta ta zo ta ga wata yarinya mai son waƙa, ko za ta haɗa ta da masu kiɗa. Rokhsareh haifaffiyar Tehran ce, ta karanci harkar fim a jami'a, kuma aikinta fina-finan gaskiya, waɗanda ba a rubuta musu labari, sai dai a bi mutum da kyamara a ɗauki rayuwarsa yadda take. Kafin nan ta yi wani fim a kan wata dattijuwar Iran da ba ta yi boko ba, wadda ta fara zane da tsufanta, aka gayyace ta baje kolin zanenta a Faris, amma tafiyar ta rataya a kan izinin mijinta. Ke nan matar ta san irin wannan katanga tun kafin ta haɗu da Sonita, domin ita ma a ƙarƙashin dokokin nan take rayuwa. Ta zo taimako, ta ɓuge da ɗaukar fim, ta yi kusan shekara 3 tana bin yarinyar.

Ana cikin haka uwar Sonita ta taso daga Herat ta iso Tehran, bayan shekaru ba su ga juna ba. Aka rungume juna, aka yi kuka. Sannan uwa ta faɗi abin da ke tafe da ita. Yayan Sonita yana son aure, iyayen yarinyar da yake nema sun yanka masa dala 7,000. An kuma sami wani mutum da zai ba da dala 9,000 a ba shi Sonita. Lissafi ya fita: a aurar da ƙanwa, a yi wa wa aure, har a sami rara. Wannan ne karo na biyu, don tun tana shekara 10 aka taɓa yunƙurin aurar da ita, maganar ta wargaje.

Mai karatu zai lura cewa wannan kuɗi ba sadaki ba ne. Sadaki a Musulunci haƙƙin amarya ne, hannunta yake shiga. Wannan kuwa al'ada ce ta wasu yankunan Afganistan, kuɗin yana tafiya wajen iyaye da 'yan'uwa maza, yarinya ko sisi ba ta gani. Kuma fim ɗin bai mai da uwar dodo ba. Ita ma tana yarinya ƙarama aka aurar da ita ga wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, ba ta san wata hanya ba, ga talauci, ga ɗa namiji da ya matsa mata.

A nan labarin ya juya. Sonita ta dubi kyamara, ta tambayi matar da ke bayanta ko za ta saye ta, tunda dai na sayarwa ce. Rokhsareh ta ba ta amsar da aka koya wa duk mai wannan sana'a: aikinta ta ɗauki gaskiya, ba ta tsoma hannu a cikinta ba. Uwar kuma ta nuna cewa idan aka ba ta dala 2,000 za ta koma Herat ta bar yarinyar wata 6. Cibiyar ba ta iya biya. Sai gardama ta kaure tsakanin masu aikin fim ɗin kansu, har mai ɗaukar sauti ya fito ƙarara ya ce bai kamata su shiga ba. Yana da hujja. Wanda ya biya uwa kuɗi don ta ɗaga wa 'yarta ƙafa ya amince ke nan cewa 'yar tana da farashi. Wanda kuma ya sauya rayuwar mutumin da yake ɗauka, fim ɗinsa ya tashi daga shaida ya koma labarin da shi ya tsara ƙarshensa.

Rokhsareh ta biya.

Ni dai ina ganin ta yi daidai, ko da yake hujjar mai ɗaukar sautin ba ta rushe ba. Ƙa'idar nan ta kada a tsoma hannu an yi ta ne don kare gaskiya, kuma Rokhsareh ta kare gaskiyar ta wata hanya: ba ta yanke komai ba. Ta bar tambayar yarinyar a cikin fim, ta bar amsarta ta farko mai sanyi, ta bar gardamar, ta fito gaban kyamara kowa ya ga fuskarta da ruɗewarta. Da ta biya a ɓoye, sannan ta nuna mana yarinyar da ta kuɓuta da ƙarfin waƙarta kaɗai, da wannan ne ha'inci. Da kuma ta tsaya ta ɗauki motar da za ta mayar da Sonita Herat, da ta sami ƙarshen fim mai sa kuka, wataƙila har da lambar yabo, ta kuma kwana da sanin cewa dala 2,000 ce ta hana.

Sonita ba ta yi wasa da watannin ba. Ta rubuta waƙa a kan sayar da 'ya'ya mata da sunan aure, Rokhsareh ta ɗauki bidiyon. An ga yarinyar cikin farar rigar amare, fuska da alamun duka, a goshinta an zana irin layukan nan na farashi da ake liƙa wa kaya a kanti. Aka sa a YouTube a 2014, ya bazu a Afganistan da wajenta. Wata ƙungiyar Amurka mai suna Strongheart Group ta gani, ta nemo mata gurbin karatu kyauta a makarantar Wasatch Academy da ke jihar Utah.

Saura fasfo, kuma ba a samunsa sai a Afganistan. Wannan ne wuri mafi haɗari a tafiyar, domin wanda ya bar Iran ba takarda ba shi da tabbacin komawa, kuma a Herat ɗin ne masu jiran a ɗaura aure suke. Rokhsareh ta raka ta. Suka je gida aka gaisa, suka wuce Kabul suka yi ta zaryar ofisoshi har takardu suka fito, ba su gaya wa dangi ainihin inda aka nufa ba. Sai da Sonita ta sauka a Amurka a farkon 2015 sannan uwarta ta ji. Wannan ɓoyewar ma an soki Rokhsareh a kanta, kuma ita ma tana cikin fim ɗin, ba a share ta ba.

An fara nuna fim ɗin, mai suna Sonita, a bikin IDFA na Amsterdam a Nuwamban 2015, ya ci kyautar 'yan kallo. A Janairun 2016 ya ɗauki kyautuka biyu a bikin Sundance na Amurka, ta alƙalai da ta 'yan kallo, a rukunin fina-finan gaskiya na ƙasashen duniya. Yarinyar da aka hana shiga aji a Tehran ta gama Kwalejin Bard a 2023, ta kuma sami tallafin Rhodes na karatu a Jami'ar Oxford ta Ingila, tana ci gaba da yaƙi da auren dole. A Herat kuwa, tun da Taliban suka dawo mulki a Agustan 2021 an hana 'yan mata wuce aji 6, a Disamban 2022 kuma aka rufe musu jami'o'i.