Neman Digiri na Biyu a Tarihi: Yadda Rashin Tsaro Ke Zaɓar wa Ɗan Gobir Batun Kundinsa

Takardun neman gurbin digiri na biyu a fannin tarihi ba su da wuyar haɗawa: sakamakon digirin farko, shaidar bautar ƙasa, da wasiƙun malaman da suka san mutum. Wuyar tana jira a ofishin malamin da zai duba kundi, ranar da ya ɗaga kai ya ce, "To, malam, da wa za ka yi hira, kuma ta wace hanya za ka isa wurinsa?" Ga ɗan Turba, ko Isa, ko Sabon Birni, wannan tambaya ce ke yanke batun da zai rubuta a kai.

Abin takaici, ƙasar ba ta rasa abin bincike ba. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana nan kusa da Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe na gidan sarauta ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Isa kuwa ta tsaya a matsayin ribaɗi a ɓangaren Sakkwato. A kan wannan yanki Abdullahi Rafi Augi ya yi digirin digirgir a Zariya a 1984, Garba Nadama kuma ya rubuta nasa a kan Zamfara a 1977. A zamaninsu mai bincike na iya kwana a ƙauye, ya zauna a zaure da dattijo, ya saurari makaɗin fada yana jero sunayen sarakuna har dare ya raba.

Yau mai neman gurbi yakan zo da batun 'yan bindiga. Dalili na farko a fili yake: shi ya sani, gidansu aka kora. Na biyu, batun yana da kasuwa. Tun laccar Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kan 'yan bindiga a 2021, wadda ta ja hankalin jaridu, matasa sun ga ashe masanin tarihi ma ana kiransa taro, ƙungiyoyin agaji kuma suna neman mai irin wannan ilimi. Akwai kuma lissafin aiki. An cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin maido da shi, to malamin sakandare da ke son ƙarin girma ya ga amfanin komawa aji. Shi ke biyan kuɗinsa daga albashi, domin tallafin TETFund na malaman manyan makarantu ne, don haka dole ya zaɓi batun da zai ƙare ba tare da doguwar tafiya ba.

Dalilin da ya fi nauyi, a ganina, hanya ce. Tun da aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamba 2021, aka kuma sace Sarkin Gobir na Gatawa aka kashe shi a Agusta 2024, babu malamin da zai tura ɗalibinsa ƙauye da rakoda. Baƙo mai yawan tambaya a can, ɗan leƙen asiri ake ɗaukarsa, ta kowane ɓangare.

Sauyin yana da alherinsa, kada a raina. 'Yan gida ne ke rubuta abin da ya faru: wane gari aka ɗora wa haraji, wace kasuwa ta daina ci, wa ya bar gonarsa da gero ya nuna. Ɗan jarida daga Abuja ba zai samu wannan ba, domin bazawarar da ke zaune a kangon gini a Sakkwato sai ta ji bakin Gobirci take sakin jiki.

Amma illar ta fi zurfi. Kundi da yawa sun koma rahoton abin da ya faru jiya, jaridu ne madogararsu, ga hira ta waya da mutumin da ke tsoron a ji muryarsa. Rikicin manomi da makiyayi a fadamar Rima ba za a fahimce shi ba sai an bi labarin burtali, da jangali, da rabon gandun daji, aikin da ke buƙatar watanni a gidan adana takardu na Kaduna ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Mai biyan kuɗi daga albashi ba ya da waɗannan watanni. Su kuwa dattijan da ke riƙe da labarin sarautar Inna da zuriyar Bawa Jan Gwarzo sun watse, wasu a Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi, kuma tsufa ba ya jiran a gama yajin aikin malaman jami'a, irin na wata takwas da aka yi a 2022.

Sassan tarihi na iya gyara wani abu tun a matakin karɓar ɗalibai: a amince da hira da 'yan gudun hijira a kan tarihin garuruwansu kafin rikicin, ba a kan harin kaɗai ba. A kuma ba da muhimmanci ga ɗan abin da ɗalibi ya iya na Faransanci, domin rabin labarin Gobir yana Nijar, a Tsibiri da ma'ajiyar takardu ta Yamai.