Tsatsa, Toka da Mai: Kula da Bindigogin Hawa a Masarautar Daura

Shirin musamman na wannan mako ya leƙa masarautar Daura, domin nazarin wani ɓangare na hawan sarki da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba, wato kula da ƙarfen bindigogin toka da 'yan bindigar fada suke harbawa sama a hawan ƙaramar sallah da babba, da kuma Sallar Gani wadda ake yi a watan Rabi'ul Awwal.

Bindiga ta daɗe a fadojin ƙasar Hausa, domin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakaru masu bindiga a fadarsa, sannan a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa har aka ƙera masa igwa a Zinder, a zamanin da ikon Damagaram ya kai Zango da Ɓaure, garuruwan da yau suke cikin masarautar Daura. Yaƙe-yaƙen sun wuce, amma bindigar ta zauna a fagen ado, kuma matsalar da ta dami dakarun wancan zamani ita ce take damun magadansu.

Asalin matsalar yana cikin albarushi, wato baƙin garin da ake ɗurawa ta bakin bindiga, wanda idan ya kama wuta fiye da rabinsa ba ya zama iska, sai ya fita da hayaƙi ko ya manne a cikin bututu a matsayin toka. Wannan toka tana ɗauke da gishiri iri-iri da ragowar farar wuta, kuma ɗabi'arta ita ce janyo laima daga iska, ta yadda bututun da aka harba da yamma aka jingine ba wanki yana iya wayar gari da jan tsatsa a cikinsa. Tsatsa kuwa ita ce abin da ƙarfe yake komawa idan ya haɗu da ruwa da iska, kuma tana cin sa a hankali, tana yi masa ƙananan ramuka, har kaurinsa ya ragu ya kasa jure bugun wuta. Daga nan ne ake samun bindigar da take fashewa a hannun mai ita a tsakiyar taro, haɗarin da jama'a sukan ɗora wa cika albarushi kawai, alhali sau da yawa sakacin watanni yana da kaso a ciki.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne cewa maganin wannan toka ruwa ne, domin gishiri yana narkewa a ruwa amma ba ya narkewa a mai, saboda haka wanda ya shafa mai a kan toka ya rufe cutar ne kawai ya bar ta tana aiki a ƙarƙashi. Masana harkar sun haɗu a kan cewa ruwan zafi da ɗan sabulu, sannan busarwa sosai, su ne matakin farko, kuma sai bayan su ake maganar wane mai ya dace.

A nan ne ra'ayoyi suke rabuwa. Man gyaɗa yana kusa da hannun kowa, sai dai idan ya daɗe yana shan iska yakan yi danƙo, kamar yadda ake gani a gefen kaskon mai tuyar ƙosai, kuma wannan danƙo yana riƙe kunamar bindiga da sauran ƙananan ƙarafunanta. Kitse da man kaɗanya sun fi shi jimiri, kuma suna da amfanin barin toka da laushi, da sharaɗin babu gishiri a cikinsu. Baƙin man da aka juye daga injin mota, wanda wasu suke so don araharsa, shi ne mafi muni a cikin jerin, domin yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙonuwa, kuma man da aka samo daga fetur yakan haɗu da tokar albarushi ya daskare ya yi tauri a cikin bututu. Siririn man keken ɗinki ya dace da kunama da bayan bututu, amma kaɗan ake buƙata.

Yanayin Daura ya ƙara wa lamarin wani ƙulli, domin a damina laima ce abokiyar gaba, kuma ajiya tana son mai mai kauri, amma da hunturu, lokacin da ƙura take sauka daga arewa, mai mai yawa yana tara yashi ya zama abin goge ƙarfe. Da yake kalandar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11 a shekara, ranakun hawa suna zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kusan shekara 33, abin da yake nufin dabarar da uba ya yi amfani da ita a sallar zamaninsa ba lallai ta dace da ɗansa ba.

Masana'antun duniya sun nemi mafita ta hanyar yi wa ƙarfe riga. Tsohuwar dabara ita ce baƙanta shi, wato haifar masa da wata siririyar fata baƙa wadda take rage saurin jan tsatsa, sannan a farkon ƙarni na 20 aka fito da dabarar jiƙa shi a sinadarin fosfet, wadda kamfanin Parker na Amurka ya yaɗa, kuma amfaninta shi ne fatar tana da ƙananan ƙofofi masu riƙe mai. A bindigogin soja na zamani ana yi wa ƙarfen da yake kai da komo a ciki irin wannan riga, ana kuma lulluɓe wuraren da wuta take ratsawa da kurom, wani ƙarfe mai tauri da santsi. Duk da haka, abin da ya faru da bindigar M16 a yaƙin Biyetnam ya nuna iyakar dogaro da fasaha, domin an raba ta ga sojoji ba isassun kayan wanki bisa zaton ba ta buƙatar kulawa sosai, ta riƙa cijewa a fagen fama, har wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin a 1967.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya bindigar toka cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙe su, amma lasisi ba ya nuna lafiyar bututu. Saboda haka shirin yana kira ga shugabannin 'yan bindigar fada, da hakimai da dagatai a Daura da Zango da Ɓaure da Mai'adua da Sandamu, su riƙa sa maƙeri ya duba kowace bindiga kafin ranar hawa, a kuma janye duk wadda tsatsa ta yi wa ramuka daga fagen taro.