Itatuwan Tudun Fadama: Kowanne da Mazauninsa

Jama'a, duk wanda ya taɓa ratsa fadamar Haɗeja zuwa Nguru da damina ya san yadda ruwa ke malala. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika a watan Agusta da Satumba, su rufe ƙasa mai yawa. Amma akwai tuddai nan da can da ruwa ba ya daɗewa a kansu. A nan ne manyan itatuwa masu tauri suke.

Me ya sa? Saiwar itace tana shaƙar iska. In ruwa ya kwanta mata wata da watanni, sai ta ruɓe. Shi ya sa a kwari za ka fi ganin giyayya da bagaruwa, domin su suna jure zaman ruwa. Da ka hau tudu kuwa, sai ka tarar da kanya da tsamiya da ɗinya da marke. Tudun ya yi musu daidai. Ambaliya takan bar musu laka mai taki a gefe, kuma da rani saiwarsu tana samun laima a kusa.

Kurmin nan hawa-hawa ne. Manyan itatuwa suna sama. A ƙarƙashinsu akwai ƙanana irin su magarya. Sarƙaƙiya takan naɗe su, ciyawa kuma tana ƙasa.

Amfaninsu ba ya ƙirguwa. Muna shan kanya da ɗinya, muna kunu da tsamiya. Majema suna jima da 'ya'yan bagaruwa. Babban aikinsu kuwa a ɓoye yake: saiwoyinsu ne ke riƙe da tudun. In an sare su, ruwa zai yi ta zaizayar ƙasa har ya ci gonakin da ke kusa.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa a fadamar ya canza. Ga kuma masu itacen wuta da masu gawayi sun matsa wa marke lamba. Itacen da ya yi shekaru yana girma, gatari kan kayar da shi a wuni ɗaya.

Don haka, in itace muke so, mu sassabe rassa, mu bar gindi. Mu kare ƙananan tsiro daga awaki da wutar daji. Wanda ya sha inuwar kanya a yau, wani ne ya bar masa ita.