Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Me Ya Sa Tukunya Mai Tsaga Ba Ta Amo?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Bichi, ya aiko yana tambaya: me ya sa in an ƙwanƙwasa lafiyayyar tukunya sai ta yi amo, amma mai tsaga sai ka ji "ƙwas" kawai?

To malam, ga amsa. Duk abu mai tauri, ƙarfe ne ko gasasshen yumɓu, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne manne da juna, kamar mutane a sahu sun riƙe hannuwa. In ka bugi gefe guda, ƙwayar farko ta girgiza ta ture ta kusa da ita, ita ma ta ture ta gaba. Haka girgizar za ta yi ta zagaya tukunyar tana kaɗa iska, kai kuma ka ji amo. In akwai tsaga kuwa, sahu ya yanke. Girgizar na isowa wurin sai wani sashenta ya komo baya, bakunan tsagar su gogi juna, ƙarfin ya tsiyaye. Nan take amon ya mutu.

Dubi dogon jirgin ƙasa. A iska, sauti kan ci kimanin mita 340 a daƙiƙa, amma a cikin ƙarfe yakan ci wajen mita 5,000. Shi ya sa dogo kan fara ƙugi tun jirgi na nesa. Amma don Allah a hana yara kara kunne a kansa. Ma'aikatan jirgi ma a da sukan bi ƙafafunsa da doguwar guduma suna bugawa, don su gano mai tsaga.

Yanzu bugi buhun gero. Ƙwayoyin a hargitse suke, ba a manne ba, sai girgizar ta warwatse tsakaninsu ta mace. A 1958 wani masani ɗan Amurka, Philip Anderson, ya nuna cewa in hargitsin cikin abu ya yi yawa, irin wannan motsi kan maƙale wuri guda ya kasa wucewa. Ya sami lambar yabo ta Nobel a 1977.

Saboda haka in za ka sari tukwane, tabbatar sun bushe, babu komai a ciki. Ɗora kowace a kan yatsunka, kada ka rungume ta, don hannu ma na kashe amo. Ƙwanƙwasa baki, ciki da gindi. Wadda amonta ya yi tsawo, ɗauka. Wadda ta yi shiru, bar wa mai ita.

Da fatan ka gamsu. Sai mun sake ji daga gare ka.